Leda Ɗari Huɗu

Asabar, 11 ga Mayu 1985, ƙarfe goma na safe

Masinja ya kawo takardar jiya bayan an sauko daga masallaci. Layi biyar ce: kada Malam Yunus ya ƙara shiga aji har sai kwamiti ya zauna ran 11 ga Yuni ya duba abin da ya faru ran Laraba. Na karanta, na ninke, na danne ta da agogon tebur. Wannan littafin da nake rubutu a ciki rajistar ajina ce, na juyo ta ta baya, tunda wata guda ba zan kira sunan kowa ba.

Ba su hana ni zuwa rumfa ba. Ko mantawa suka yi, ko kuma har yanzu ba su ɗauki wurin a matsayin aji ba, wanda dama shi ne rigimata da su shekara uku ke nan. Rumfar zana ce a bayan kwaleji, inda muke renon dashe a cikin leda kafin damina: darbejiya, gawo, dakwara, kurna da tsamiya. Ɗalibai arba'in, kowa leda goma, an rubuta lambarsa a jiki da farin fenti. Ban-ruwa safe da yamma, maki ashirin cikin ɗari. Famfon rumfar ya ƙafe tun Fabrairu, sai dai a ɗebo daga tankin bakin ƙofa, taku ɗari shida da 'yan kai.

Yau ko ɗalibi ɗaya bai zo ba. Na rataya garwa biyu a sanda kamar ɗan ga-ruwa, na yi sawu shida. Ɗari huɗu cif, duk suna raye.

Ban je asibiti ba.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Sawu shida da safe, shida da yamma. Kafaɗata ta saluɓe. Ba wanda ya zo.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Malam Simon, wanda muke ofis ɗaya da shi, ya same ni a rumfa. Ya tsaya a inuwa yana kallona ina zuba ruwa, ya ce, "Kai Yunus, mai digiri biyu da garwa? Da ka faɗa mini da na zo da mai hoto."

Na ce masa ya ajiye hoton sai ranar manya.

Shi ya gaya mini inda aka kwana. Firinsifal ya riga ya yi wa ma'aikata alkawarin dashe ɗari huɗu na bikin Ranar Dashen Itatuwa a watan Yuli. In kwamiti ya zo ya tarar da su a cike, za a ja mini kunne a bar kwas ɗina. In babu, za a soke shi daga manhaja, a mayar da ni koyar da lissafin taki. Wai a taron malamai wani ya ce, "Kwas ɗin da ba ya cikin jarrabawar ƙasa, sai sumar da 'ya'yan mutane."

Na san bikin nan kamar yunwar cikina. Babban mutum zai zo da babbar riga, a miƙa masa shebur mai fenti, ya zuba ƙasa sau biyu, a tafa, a ɗau hoto, a sha lemo. Kwana uku awaki sun gama da dashen. Baɗi a sake buɗe ramukan bara. Ramukan nan sun riga ni kama aiki a kwalejin. Yau ga shi rayuwar kwas ɗina ta rataya a kansu.

Da zai tafi ya ce, "Ka leƙa yarinyar kuwa?" Na ce masa ya matsa, yana taka mini tsamiya.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe sha biyu na rana

Mako guda daidai, daidai wannan lokacin. Na rufe taga.

Alhamis, 16 ga Mayu, da hantsi

Leda goma sun ɓace. Na ƙirga sau uku, ɗari uku da casa'in. Ba awaki ba ne, akuya ba ta ɗaukar leda ta bar wuri a share. Layin lamba goma sha bakwai ne aka kwashe gaba ɗaya, sai zagayen danshi goma a ƙasa.

Na Rebeka ne, yarinyar da aka kai asibiti. Cikin layi arba'in, nata aka zaɓa. Na gane saƙon, ba sai an yi mini fassara ba.

Asabar, 18 ga Mayu, bayan azahar

Tunda ba mai saurarona, bari in yi wa littafi lacca.

Ni ɗan makiyaya ne. A farin shekarar saba'in da uku mahaifina Abba ya fita da shanu ɗari da goma sha huɗu, ya shigo Maiduguri da igiyoyinsu a kafaɗa. Ya ƙare rayuwarsa yana dillancin shanun wasu a kasuwa, yana shafa bayan saniyar da ba tasa ba. Amma ko a waccan shekarar, da shanu ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, in ya hau gawo zai saro musu ganye gefe ɗaya yake sara. Na taɓa ce masa, "Abba, ga ɗaya gefen, shanu na mutuwa." Ya ce, "Wannan na wanda zai biyo bayanmu ne." Ban san wanda ya biyo bayanmu ba. Shi ma bai sani ba.

Abin da nake so in koya wa yaran nan ke nan, ba wani abu ba. Su ne za su zama malaman gona da jami'an daji, su ne za su riƙa sa hannu a takardar izinin sara. Ina so kafin hannunsu ya taɓa biro ya san nauyin ruwan da ice ɗaya ke sha kafin ya tsaya da ƙafarsa. A aji suna rubuta "kwararowar hamada" da kyakkyawan rubutu, su ci jarrabawa, su fita su sayi itacen girki kura guda ba tare da sun tambayi daga ina ya fito ba. Shi ya sa na ce kowa ya ɗebi ruwansa da kansa, ba aike, ba taimako, ba uzuri. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka nake ce wa malaman da ke mini gunaguni.

Har yau ban ga kuskure a cikin wannan ba. Na sake karantawa, ban gani ba.

Litinin, 20 ga Mayu, da safe

Lamba 6, lamba 23, lamba 31. Saura ɗari uku da sittin.

Na haɗu da Ba'ana a bakin ɗakin karatu. Shi ne shugaban aji, lamba shida, yaron da na ba aron littattafaina na kaina, wanda nake cewa in na tsufa shi zai gaje ni. Ya yi mini sannu da Barbarci, "Wushe, Malam," bai ko rage sauri ba. Simon ya ce takardar ƙarar da ɗalibai suka kai, wadda suka rantse a cikinta ba za su ƙara ɗaukar mini garwa ba, da rubutun hannunsa ce. Ba sai an gaya mini ba. Ni na gyara masa yadda ake tsara sakin layi.

Talata, 21 ga Mayu, bayan magariba

An tashi da azumi. Na sha ruwa ni kaɗai da dabino uku da ƙosan bakin titi. Maƙwabta a kwatas da suka saba aiko da kunu, bana ko kwano ban ji an ƙwanƙwasa ba. Wataƙila sun ɗauka ina Dikwa.

Wasiƙar matata Hussainatu ta iso daga can gidansu a Dikwa, inda take wankan jego. Ta ce Rashida ta fara murmushi, kuma wai goshina ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Ta tambayi aiki, ta tambayi "'ya'yanka na leda". Na ba direban mota amsa: kowa lafiya, aiki sai godiya. Ina kewarta ƙwarai. Da tana nan da tuni ta sa mayafi ta ja ni mun je inda ban je ba, shi ya sa ma ban gaya mata ba.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Ɗebo ruwa da azumi wani abu ne daban. Kana jin ƙararsa a garwa a bayan kunnenka taku ɗari shida. A sawu na huɗu na ga ƙasa tana juyawa, na zauna gindin katanga har ta tsaya. Ina zaune na tuna cewa ni ƙato ne mai shekara talatin da takwas, kuma safiya ce.

Ban ƙarasa sawu biyun ba.

Asabar, 25 ga Mayu, da yamma

Ɗari biyu da tamanin.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan azahar

Na tsare maigadin ƙofar baya. Da farko ya ce shi idonsa ba ya gani sosai. Da na ambaci Rajistaran kwaleji sai idon ya buɗe. Ya ce ɗalibai ne, da rana tsaka suke zuwa lokacin da na koma gida, su jera ledojin a kwali su ɗaure a bayan keke. Ya ce dogon nan mai hula zanna shi ke nuna musu. Ba'ana ke nan.

To, ga ɓarayina. Ko sayarwa suke yi, ko a kwata suke zubarwa don su ga bayan kwas ɗin, oho. Na zauna na rubuta rahoto shafi biyu zuwa ga kwamiti, da sunaye da lambobi da ranaku. Ban taɓa rubuta abu mai tsafta kamarsa ba. Satar kayan kwaleji kora ce, kowa ya sani. In na miƙa shi, rashin dashen ya tashi daga wuyana ya koma nasu, kwas ya tsira.

Na danne shi da agogo, a kan waccan takardar.

Laraba, 29 ga Mayu, ƙarfe sha biyu na rana

Mako uku.

Rebeka ba ta zo ban-ruwan safe ba ranar. Ta shigo aji ƙarfe sha ɗaya tana dafa bango, ta ce, "Malam, jikina ne ba daɗi." Na ce dashenta ma jikinsu ba daɗi. Aji ya yi dariya, na ji daɗin dariyar. Na buɗe rajista na sa mata sifili da jan biro a gabanta, na ce in tana so in goge, ga garwa can.

Ba'ana ya miƙe ya ce, "Malam, tana da amosanin jini, bari in ɗebo mata."

Abin da na ce masa, aji duka ya ji. Ba sai na rubuta ba.

Alhamis, 30 ga Mayu, da safe

"Ice ba ya jin uzuri." Shi ne abin da na ce.

A sawu na biyu ta faɗi, tsakanin tanki da rumfa. Ina ofis ina gyaran takardu, hayaniya kawai na ji.

Asabar, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Simon ya ce an sallame ta tun tsakiyar wancan watan, tana gidansu a Gomari. Ya zana mini kwatance a bayan kwalin sigari, bayan cocin nan, gida mai jan ƙyaure. Na sa a aljihu. Ban je ba.

Litinin, 3 ga Yuni, da hantsi

Saura ɗari da saba'in a rumfa, kuma cikin su talatin da biyu sun bushe a hannuna. Gawo ne ya fara, sai tsamiya. Yanzu ana kulle tanki da rana saboda ƙarancin ruwa, ni kuma ƙarfina sawu uku ne. Na bi layi ina taɓa ganyen yana marmashewa. Masu wannan layukan ba su sace nasu ba, sun bar mini amana, ga yadda na riƙe ta.

Hadari ya taso ta gabas jiya, ya yi ta cika baki, ya watse.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe sha biyu na rana

Ban je ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, bayan magariba

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Garwa ɗaya ta huje, na kai ta Mafoni wurin masu nanne gwangwani. La'asar ta same ni a can, na tsaya wani ɗan masallacin ƙofar gida, aka miƙo mini buta. Na tsuguna a kan dakalin alwala, na wanke hannu, na bi ruwan da ido inda yake gangarawa. Sai ga leda goma a jere a bakin magudanar, an tokare su da bulo. Darbejiya biyar, dakwara uku, kurna biyu. Kore shar, har sun fi na rumfa tsayi da kusan taƙi guda. A jikin kowace, da farin fenti, 23.

Na kasa ƙarasa alwalar. Wani dattijo da ke zaune a kan buzu ya ce, "Lale, baƙo. Lafiya kake kallon ciyawar Abakar?"

Na ce, "Baba, wa ke ba su ruwa?"

Ya yi dariya har da tari. "Ba su ruwa? A wannan marrar wa ke da ruwan ba wa ice? Alwala dai muke yi. Mu goma sha biyu ne a masallacin nan, sau biyar a rana, su kuma suna ƙasa suna shan lada." Ya nuna mini babbar darbejiyar da muke ƙarƙashinta. "Wannan ma haka ubana ya rene ta. Duk icen da ka gani a ƙofar gida a unguwar nan, tambayi inda maigidan ke ajiye butarsa."

Na ce yaron ya faɗi daga ina ya samo su?

"Ya ce na makaranta ne. Wai malaminsu mutumin kirki ne, sai dai ba ya jin magana. In ruwa ya sauka za mu dasa biyu nan, sauran maƙwabta sun riga sun kama."

Na yi sallah a bayansa, ban san me aka karanta ba. Shekara goma sha biyu ina garin nan, ina wuce itatuwan nan kullum, ina shan inuwarsu, ban taɓa tambayar wa ya shayar da su ba. Na je har ƙasar waje na karanto yadda ake jera leda a layi, na zo na kafa rumfa taku ɗari shida daga ruwa. Na manta garwar a wurin mai nanne.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na aika a kira Ba'ana, ya zo rumfa. Ya tsaya daga bakin zana, hannu a baya, kamar mai jiran hukunci.

Na ce, "Na je Mafoni jiya."

Ya ce, "Na Abakar ka gani ke nan. Nawa suna Bulabulin, wurin da mahaifiyata ke wanke-wanke. Akwai na masallatai bakwai, akwai na bayan wani gidan abinci, akwai na wurin masu wankin hula."

"Wa ya fara?"

"Rebeka ce, Malam. Ranar da ta farfaɗo sosai, abin da ta fara tambayata shi ne wa ke ba nata ruwa. Na ce kai. Ta ce ba za ka iya kai kaɗai ba, in kai mata su gida. Da sauran suka ji, kowa ya ce shi ma ba zai bar nasa su mutu ba. Mun rantse ba za mu ƙara ɗaukar garwa ba, amma ba mu rantse za mu kashe su ba."

Na ce me ya hana su gaya mini?

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko cikin wata guda. "Malam, don Allah, wa ke iya gaya maka magana?"

Na kama gyara wata leda da ba abin da ya same ta.

Ya ce sun ji sharaɗin Firinsifal. In ina so, kafin Talata za su dawo da su duka, ɗari biyu da talatin, ba wadda ta mutu sai huɗu. In aka haɗa da na rumfa, ya ce, ko ba su cika ba kwamiti zai gani da ido ya yi sassauci. "Kwas ɗin na da amfani, Malam. Ko mu da muka kai ƙararka mun san haka."

Na ce ya ba ni zuwa Litinin.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan azahar

In suka dawo da su, kwas ya rayu. A watan Yuli a loda su a mota a kai filin biki, a zuba su a ramukan bara, a tafa, awaki su yi sallah.

In suka zauna inda suke, kowace tana da mai ita, da buta a kanta sau biyar a rana. Ni kuma lissafin taki.

Shekara uku na yi ina roƙo kafin a sa kwas ɗin nan a manhaja. Ba ni da wani abu da na gina a duniya sai shi. Ina son sa, kuma ina jin tsoron zama ba shi. Na yi ta zagaya ɗaki ina neman hanya ta uku, babu.

Litinin, 10 ga Yuni, da safe

Na gaya wa Ba'ana su bar su inda suke. Ya ce, "Malam, ka tabbata?" Na ce ya tafi kafin in canza. Na ce kuma su kwashe na rumfar da suka rage da rai, duk wanda ke da masallaci ko wurin wanke-wanke ya ɗauka.

Rahoton shafi biyu na hura gawayi da shi. Ya kama da kyau.

Talata, 11 ga Yuni, bayan la'asar

Mutum biyar a bayan tebur, fanka na juyawa ba iska. Sun je rumfa da safe, sun tarar da busassun leda talatin da tara da garwa ɗaya.

Firinsifal ya ce ina dashen gwamnati? Na ce na raba wa mutanen gari, ni na ba da izini, ba ruwan ɗalibi ko ɗaya. Ya ce da izinin wa na ba da izini? Na ce ba na kowa. Wani ya tambayi zancen ran Laraba, yana lalube cikin takardu yana neman yadda zai sassauta mini tambayar. Na ce ba sai ya wahala ba: an gaya mini ba ta da lafiya, na ji da kunnena, na tura ta rana. Ashe faɗinsa bai kai minti ɗaya ba, ni da na yi wata guda ina kewaye shi.

An soke kwas ɗin daga zango mai zuwa, makin bana ma ba za a lissafa ba. Takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗina. Za a sayo dashen biki daga wani wuri.

Simon ya raka ni har kwatas. A ƙofa ya ce, "Kwalin sigarin yana nan?" Na ce yana nan.

Alhamis, 13 ga Yuni, bayan magariba

Na je.

Na wuce jan ƙyauren sau biyu a kan keke kafin na tsaya. Mahaifiyarta ce ta buɗe, hannunta duk kumfa. Na faɗi sunana. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta daɗe, sannan ta ce, "Kai ne Malamin. To, shigo, rana ta yi yawa a waje." Ban san ko da gangan ta faɗa ba.

Rebeka na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, sanda a gefenta. Ta yi yunƙurin tashi, na ce ta zauna don Allah. Ciwon ya taɓa mata ƙugu. Likita ya ce ta huta shekara guda, mahaifinta kuma ya ce ko bayan shekarar sai ya yi tunani. Ita ce ta farko a gidansu da ta wuce sakandare.

Ledojin suna bakin wurin wanke-wanke, an kewaye su da ƙaya saboda kaji. Idona ya kai kansu kafin in hana shi.

Ta ce, "Goma ne, Malam. Ba sai ka ƙirga ba."

Na ce ba ƙirga na zo yi ba. Na tsara magana tun daga kwatas, mai kan gado, da gabatarwa da kammalawa. Jirgi ya taso daga filin jirgi ya bi ta kanmu, muka jira ya wuce, da ya wuce duk ta zube. Na ce, "Rebeka, na zalunce ki. An gaya mini, na ji, na ƙi. Ki yafe mini in za ki iya."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta kalli ƙafarta, ta ce, "Na so kwas ɗin nan, Malam. Da ba ka sa maki ba ma da zan ba su ruwa." Can ta ƙara da cewa, "Tsamiyar ta ƙarshe tana rawaya, ban san me ke damunta ba."

Na tsuguna na duba. Sabulu ne ya yi mata yawa. Na ce a matsar da ita baya, a riƙa ba ta ruwan ɗauraya na biyu. Mahaifiyar ta miƙo mini kwanon ɗaurayar ta ce, "To Malam, tunda ka iya, zuba." Na zuba, leda bayan leda, suna kallona su biyu.

Da na dawo na rubuta wa Hussainatu wasiƙa ta gaskiya, shafi huɗu. Sannan na juya littafin nan ta gaba, na nemo lamba goma sha bakwai, ran 8 ga Mayu. Sifilin yana nan da jan biro, na danna shi har ya fito ta bayan takarda. Kwas ɗin babu shi, makin ba mai lissafa shi, ba kuma wanda zai ƙara buɗe rajistar nan sai ni.

Na soke shi, na rubuta ashirin.